Ba Gajiya

A ƙasarmu namiji mai gemu ba shi gudu. In ka hangi dattijo ya tattare riga ya sheƙa, to ko gobara ce ta tashi, ko sa ya tsinke igiya, ko kuwa cikinshi ne ya ba shi wa'adi. Ni kaina, kafin wannan abin da zan faɗa muku, gudun ƙarshe da na yi da zuciya ɗaya shi ne ranar da na tsere daga lakwal, makarantar boko, mushe, wato malaminmu, na biye da ni da bulala. Bai kama ni ba. Shi ya sa har yau in na zauna rubutu sai harshena ya leƙo waje shina taya ni.

Bara waccan, da anka gama kai hatsi rumbu, sanyi ya sauka, albasa ta fara miƙewa cikin garake, sai ɗiyan garinmu da ke zaune Yamai da Abijan sunka zo mana da wata irin sadaka wadda ba mu taɓa ji ba. Ɗakin haihuwa na likitarmu, asibitin garin, ya tsage tun damina, rufin ya zauna, mata na haihuwa cikin ɗakin da ake wanke gyambo. Sunka ce za a yi gudu. Duk wanda ya shiga ya kai ƙarshe, ƙungiyarsu za ta aje buhun siminti guda saboda shi. Mu sadakar da munka sani ta masa ce ranar Juma'a, da damin hatsi ga wanda gonarshi ta ƙi. Anka ce yanzu a birni haka ake yi: kai ka yi gudu, wani shi biya, lada ku raba. Liman ya ce bai ga inda anka hana ba.

Abin da ya tada garin dai ba lada ba ne, inji ne. Wanda ya zo na ɗaya za a ba shi injin ban ruwa sabo fil, da tiyonshi. Sunka aje shi bisa tebur gaban ofishin mer, magajin gari, ja wur, mutane na tafiya kallonshi. Wani shi shafa, wani shi duƙa shi shinshina.

Kowa kuma ya san na wa ne. Na surukina ne, mijin ɗiyata ta fari.

Ita ɗiyar ba ni faɗin sunanta, kun san yadda ake da ɗan fari. Shi ma ban taɓa kiran nashi ba. Mutumin wajen Allakaye ne, ya tashi bin awaki bisa duwatsu, ƙafafunshi dogaye, ba nama ko kaɗan, in shina tafiya sai ka ce ƙasa ce ke tura shi. Garkarshi na can ƙarshen fadama, inda ruwa ya yi nisa. Rijiyar mai zurfi ce ƙwarai. Shi da ɗiyata ke ja da guga, tun sanyin safiya har rana ta take, su cika kwarya-kwaryar albasa ɗaya bayan ɗaya, in sun kai ta ƙarshe ta farko ta bushe. A lokacin tana da ciki, ya fito sosai. Uwarta ta taɓa ce mini tafin hannun yarinyar ya koma awa bayan kunkuru saboda igiya. Na yi awa ban ji ba, don ɗiyar fari ce, amma na ji.

Tsakanina da shi kuwa kunya ce tsantsa, irin ta mutanen da. Tunda anka yi auren ba mu taɓa cin abinci wuri guda ba. In ya hango ni tafe, shi canza hanya, ko da za ta kai shi bayan gari. In babu wata hanyar, shi tuɓe takalma shi durƙusa, kai ƙasa, shi jero gaisuwa. Ni kuma in dubi bango, ko itace, ko sama, in amsa. Duk abin da nike so daga gare shi ga tsohuwata nike faɗa, ita ta faɗa wa ɗiyarta, ɗiyar ta faɗa mishi. Ina son mutumin. Ban taɓa nuna mishi ba, kuma da za a ce in faɗi kamar idonshi, sai in yi ƙarya.

To mi ya kai ni cikin gudun? Taubashina.

Ɗan ƙanwar babana ne, sa'ana, tun muna yawo ba wando muke zagin juna. Muna zaune gindin itacen bedi muna shan shayi sai anka zo da labarin cewa tsofaffi ma suna da rabo. Za a ɗauke su da mota a kai su bakin baraj, madatsar ruwanmu, su fara gaba da samari, su biyo babbar hanya sannu sannu, kowa da buhun simintinshi, kuma a ba su mayo, rigar 'yan wasa, kyauta.

Taubashina ya dube ni daga sama har ƙasa ya ce, "Kai dai ka zauna gida. Kai da jakinka ma sai an kai shi gindin turmi kake hawa."

Na ce, "Ni? Ni da na tsere wa mushe?"

"Mushen nan gurgu ne, kowa ya sani."

"To mu je. Wanda ya zo baya shi riƙa ɗaukar wa ɗan'uwanshi buta zuwa masallaci har watan azumi."

Ya ce, "Ka fara koyon riƙon buta tun yau, ragon maza."

Da na faɗa wa tsohuwata tana tankaɗe, ba ta ko ɗaga kai ba. Ta ce, "Malam, da waɗanga gwiwoyin?"

Na ce gwiwoyin sun kai ni Madawa da ƙasa sun maido ni.

"Wancan zamanin haƙoranka ma na nan. Ka dai san mijin ɗiyarka na cikin masu gudun."

"Shi hanyarshi daban, tawa daban."

Ta ce, "Allah shi sa." Sannan ta ce yarinyar ta aiko a ara musu amalanken jakina ranar gudun, don su ɗauko inji. Na ce su ɗauka. Har na ji daɗi. Na ce a raina ai da amalankena za a shigo da shi gari.

Ranar ta zo. Mota ta kwashe mu, tsofaffi cike da baya awa awakin kasuwa, ta sauke mu bakin baraj da hantsi. Ban san ko kun san wurin ba. Da can hamada ce, dutsi da jar ƙasa, ko ƙadangare ba shi tsayawa. Zamanin furoje, aikin raya karkara, anka tare ruwan, anka shuka itace, mata da kwanduna bisa kai suna jidar duwatsu. Yanzu daji ne sosai. Bedi a jere sun haɗa kai sama, ka shiga ƙarƙashinsu sai ka ji sanyi awa cikin randa. Ga gawo, ga bagaruwa da furenta rawaya, ga tabkin shimfiɗe a gindin dutsi, balbela fari fat a bakinshi. Baƙi kan zo da motoci su ɗauki hoto. Mu da muke wucewa ta nan kullum bisa jakai ba mu cika dubawa ba, amma ran nan da anka share hanya anka zuba farar ƙasa, ni ma na tsaya na duba. Can ƙasa garake ne kore shar har inda ido ya tsaya.

Anka raba mana mayo, shuɗi, da gajeren wando. Sauran tsofaffi sunka sa mayon bisa rigunansu, sunka naɗe wandon sunka sa aljihu don jikoki. Haka mai hankali ke yi. Taubashina ya ɗaga nashi wandon sama ya ce, "Wanga sai maza. Kai ba ka iyawa, ƙafafunka awa na shamuwa."

Na shiga bayan wata bagaruwa na tuɓe. Na fito da mayo da wandon da bai kai gwiwa ba, hulata bisa kai, gemuna fari, na miƙa wa direba rigata da babban wandona. Rabon da rana ta ga cinyoyina tun ina gauro. Tsofaffi sunka yi ta dariya har wani ya sarƙe. Na ji daɗin dariyar. Ni dai tun ina yaro in an yi dariya saboda ni sai in ji awa an ba ni riga.

Anka busa usur munka kama hanya. Su samari a daidai lokacin ne za su taso daga cikin gari, su kewaye dutsi, su biyo bakin baraj, su ratsa dajin, sannan su faɗa wani lungu da ke tsakanin garake, shi zai fid da su filin ƙwallo inda ake jiransu. Mu kuwa babbar hanya anka ce mu bi, wadda ta kewaye garaken ta waje. Muna tafe cikin inuwa, taubashina na gabana shina wani rausaya, ni ina dubin mararrabar da ke zuwa. Na san lungun nan. Ya fi babbar hanya kusa nesa ba kusa ba. Da munka iso, na bari ya juya shina yi wa wani tsoho ba'a, na sulale na faɗa ciki.

Lungun matsattse ne. Shingen ƙaya ne dama da hagu, ƙayar magarya da ta bagaruwa, tsawonshi ya wuce kan mutum, masu garka sun tsuke shi saboda awaki. Mutum biyu na iya wuce juna in sun goga kafaɗa. Na fara ɗan sassarfa, ina dariya ni kaɗai, ina hango taubashina da butata a hannu.

Dariyar ba ta daɗe ba. Ƙirjina ya fara kuka awa butar shayi bisa wuta. Gwiwoyin da sunka kai ni Madawa sunka ce su ba su san da wannan maganar ba. Wani abu ya soke ni a haƙarƙari. Ina cikin tunanin in tsaya in dafa gwiwa sai na ji sawu bayana, mutum na tafe da gudu.

Na ce taubashina ne. Ya ga na ɓace ya biyo ni, ɗan banza. Ban ko waiwaya ba. Na buɗe hannuwa na tare hanya, ina karkata dama ina karkata hagu, na ɗaga murya da ɗan numfashin da ya rage mini.

"Ka iso, tsohon banza? Shaƙi ƙurata! Mai ƙahwa awa ta kwaɗo! Matarka ma ta hi ka gudu! Wallahi in ka wuce ni yau ban yahe maka ba!"

Sawun ya tsaya cik.

Sai na ji wata murya ƙasa ƙasa, cikin haki, ta ce, "Baba, ina kwana."

Na waiwaya. Surukina ne. Durƙushe tsakiyar lungu, takalman gudunshi a hannu, kai ƙasa, gumi na ɗiga daga haɓarshi, ƙirjinshi na hawa da sauka. Bayanshi har inda lungun ya karya babu kowa. Ya bar su nesa. Injin na hannunshi, sai dai shi je shi ɗauka.

Ni kuwa ina tsaye gabanshi da cinyoyi waje. Mutumin da bai taɓa ganina ba hula ba, ga gwiwoyina daidai goshinshi. Kuma yanzun nan na zage shi, na zagi matarshi, wadda ita ce ɗiyata. Na kama bakin mayon na ja ƙasa. Bai kai ko'ina ba.

Na ce, "Lahiya lau."

Daga nan ban shawarci kowa ba, ƙafafuna ne sunka yanke hukunci. Suruki in ya haɗu da suruki cikin hali irin wannan, abu guda ya sani, shi ɓace. Dama ƙaya, hagu ƙaya, baya shi ne. Na juya na zuba da gudu gaba. Wannan karon ba gudun sadaka ba ne, gudun tsira ne, irin na ranar mushe.

Sai na ji shi bayana. Ba ƙarar takalmi, tafin ƙafa ne bisa ƙasa, sannu, ya bar 'yar tazara tsakaninmu yadda ya kamata.

"Baba, ina gajiya?"

Na ce, "Ba gajiya!"

Ku da kuke karatu kun san ba ni na ƙago amsar ba. Tunda na yi wayo ban taɓa jin wanda anka ce wa ina gajiya ya amsa da wani abu daban ba. Mutum shi wuni noma shi dawo shina jan ƙafa, ba gajiya. Mace ta sauko daga dutsi da itace bisa kai, ba gajiya. Marar lafiya kwance, ana juya shi, ka ce mishi ina gajiya, shi buɗe ido shi ce ba gajiya. Baki ne ke amsawa, kai bai ma san an yi ba.

Munka ci gaba. Ina gani duhu duhu. Miyau ya ƙafe mini.

"Baba... ina gajiya?"

"Ba gajiya, alhamdu lillahi!"

Sai ga wasu sawun, masu nauyi, da yawa. Na ji wani na ce mishi, "Kai, mi kake jira? Wuce mana!" Wani dogon saurayi na wajen Keita ya goge ni ta dama, "Gahwara, tsoho!" ya wuce awa iska. Wani ya biyo. Wani ya kusa tura ni cikin ƙaya. Kowane ya wuce ni, na san ya riga ya wuce shi.

Kada ku ce ban gane ba. Na gane. Kaina na ce mini, faɗa mishi shi wuce. Kalma guda ce. Amma da wane baki? Ban taɓa ce mishi yi kaza ba, ko sau ɗaya, tsohuwata ke kai saƙo, ita kuwa tana can filin ƙwallo. Ba ni da sunan da zan kira shi da shi. In kuma zan faɗa sai na juyo, in na juyo ga gwiwoyin nan. Na ce to in zauna mana. In zauna ina, da wannan wandon, shi zo shi tsallake ƙafafuna? Na ce wa kaina lungun ya kusa ƙarewa, in mun fita fili sai shi kewaye ni ta nesa yadda ya saba. Lungun bai kusa ƙarewa ba. Ban taɓa sanin tsawonshi ba, don kullum bisa jaki nike bin shi.

Ya sake tambaya. Muryar ta canza, ta yi siriri, awa ta mai roƙo. Ni kuma na sake ba shi amsar da uwata ta koya mini.

Da munka fito fili, an daɗe da gama maganar inji. Jama'a maƙil, makaɗa na kiɗa, mata na guɗa. Wani mushe da ke riƙe da lasifika ya hango ni ya ƙwala ihu, "Jama'a, ga tsoho na hwarko! Ku dubi ikon Allah! Ya bar samari baya! Ku tahwa mishi!" Anka ɗauki tafi. Na tsallake farar ƙasar na zube bisa gwiwa, wasu sunka kama ni.

Sai tafin ya fara mutuwa. Na ɗaga kai. Surukina ne ke isowa, ba da gudu ba, da tafiya, takalma a hannu. Ko da munka fito fili bai kewaye ni ba. Ya tsaya gab da layin sai da ya ga an ɗaga ni an kawar gefe, sannan ya tsallake. Ya je gindin wani itace ya zauna ya juya wa mutane baya, ya ɗora ƙafa bisa gwiwa shina cire ƙaya. Tafin ƙafar duk jini.

Wani ya yi dariya. Wani ya ce mishi shi yi shiru. Labarin ya ratsa filin daga baki zuwa baki, ina ganin kawuna na juyowa gare ni ɗaya bayan ɗaya. Can cikin mata na hangi ɗiyata tsaye, da sabon zane, hannu guda bisa ciki, ɗayan riƙe da igiyar jakina. Ta share amalanken ta shimfiɗa tabarma a ciki don kada injin shi kuje. Ba ta dube ni ba. Injin take kallo, ana ɗora shi bisa babur ɗin mutanen Keita.

Ba a bar ni haka ba. Anka kira ni gaban tebur, har yanzu da gajeren wando don direban da ke da kayana bai iso ba. Mer ya kama hannuna, anka ɗauki hoto, anka miƙo mini kyautar tsoho na farko. Arozuwar ce, butar ban ruwan nan ta roba mai baki awa rariya. Surukina ya rasa inji, ni na ci butar ban ruwa.

Taubashina ya iso daga baya, shina tafe shina cin tumatir da ya tsinka a garkar wani. Ya gan ni ya fashe da dariya har ya dafa ciki. Sai wani ya raɗa mishi a kunne. Ya dubi gindin itacen, ya dube ni, ya daina dariyar. Tun muna yara ban taɓa ganin ya samu abin zagina ya bari ba. Ya tuɓe babbar rigarshi ya yafa mini. Da ya zage ni ya fi mini sauƙi.

Ƙafafuna sun ƙi ɗaukata. Amalanken da anka kawo don inji, ni anka ɗora ciki, bisa tabarmar, da arozuwar a cinya. Taubashina ya ja jakin. Haka munka ratsa gari.

Da yamma tsohuwata ta kawo ruwan zafi tana gasa mini gwiwoyi. Ta matsa da ƙarfi fiye da yadda ciwon ke buƙata. Na ce mata ni fa ban hana shi wucewa ba, wasa nike da taubashina, kuma shi ya tsaya gaisuwa, wa ya ce shi yi ta gaisuwa cikin gudu?

Ta ce, "Gaisuwa? Malam, ta hwarkon ce gaisuwa. Sauran tambayarka shike yi."

Na ce wace tambaya.

"Ko ka gaji, ka tsaya ka ba shi hanya. Mi kake so shi ce maka? Baba kauce? Ka rantse ba ka yahe mishi in ya wuce. Ya duba duk maganar da ke cikin bakinshi, wadda zai iya hwaɗa maka ita kenan. Kai kuma kana ta ba gajiya, ba gajiya, kana huci awa jakin da ya hau dutsi."

Ta matse tsumman ta ce, "Da ka ce wash kaɗai, da ya wuce."

Kafin sati shi kewayo sunana ya ɓace a garin. Ba Gajiya, haka ake ce mini. In na shiga kasuwa mahauta su haɗa baki, "Baba, ina gajiya?" su tsaya suna jira. Taubashina ya dawo cikin hayyacinshi, ya ɗauki butata yadda munka yi alkawari, shina tafe gabana zuwa masallaci shina ce wa mutane su ba da hanya ga barewa. Surukina kuwa da munka haɗu bayan masallaci, ya tuɓe takalma ya durƙusa, ƙafarshi ɗaure da tsumma. Ya ce ina kwana, ya ce ina gida, ya ce ina sanyi. Ɗayar bai faɗe ta ba. Har yau bai sake faɗinta ba.

Ɗakin haihuwar an gyara shi kafin damina, cikinshi ɗiyata ta sauka. Na ce wa tsohuwata ai akwai buhun simintina cikin bangon. Ta ce akwai na mijin yarinyar ma, nashi da jini. Gudun kuwa ba a sake yi ba. Ɗiyan Abijan sun ce sai wani lokaci.

Amma wannan duk daga baya ne. A lokacin albasa na ƙasa, tana son ruwa safe da safe, ba ruwanta da wa ya ci wa ya faɗi. Na so in je in taimaka, na san in na je surukina na nan zai wuni durƙushe, aikin shi tsaya. Sai na jira ranar kasuwar Bangi, da shike kai ganyen albasa tun da sassafe. Na ɗauki arozuwar ta na bi ta bayan gari, ban bi ta lungun ba.

Ɗiyata na bakin rijiya, ta buɗe ƙafafu saboda cikin, tana ja. Ta gan ni ta durƙusa ta ce ina kwana. Na dubi shinge na amsa. Na miƙa hannu ta ba ni igiyar. Gugan ya fi ni nauyi. Na ja rabi rabi, na zuba, na bi kwarya-kwarya da butar da na ci.

Da kasuwar ta kewayo na koma. A bakin rijiya na tarar da wani guga daban, ƙarami, sabon ɗinki, da igiya mai laushi wadda anka yi wa ƙulli-ƙulli don hannu shi samu wurin kamawa. An rataye shi ga icen rijiyar, daidai tsawona. Ba wanda ya ce mini nawa ne. Na tsaya ina dubinshi, na ji kunnuwana sun yi zafi fiye da ranar da anka ratsa gari da ni cikin amalanke.

Na ja har rana ta ɗaga. Bayana ya ƙage, hannuwana sunka yi ruwa. Na zauna bakin wata kwarya na miƙe ƙafafu. Ɗiyata ta zo da hura cikin ƙwarya ta aje gabana, ta durƙusa da ƙyar, hannu guda dafe da ƙasa. Na ga tafin ɗayan hannun. Uwarta ba ta yi ƙarya ba.

Ta ce, "Baba, ina gajiya?"

Bakina ya buɗe zai yi abin da ya saba. Na kama shi. Na dubi albasa na ce, "Akwai ta."

Ta tsinke wata ciyawa daga cikin kwaryar ta jefar. Sannan ta ce, ba ni take kallo ba, albasar take yi wa magana, "Da an hwaɗi haka ran nan, da yanzu ƙarar inji muke ji."

Bakin nan nata ba wurin uwarta ta ɗauko shi ba. Na sha hurata, na tashi, na ɗauki ƙaramin gugan.